Maganin feshi ko jel na sirinji, wanne ya fi gamawa da kyankyaso?

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsakanin gwangwanin feshi da jel ɗin nan na sirinji da kika tambaya, ni dai jel zan ce ki saya, kar ma ki tsaya dogon lissafi.

Amma fara duba irin kyankyason da ke damunki tukuna. Idan ƙananan nan ne masu ruwan ƙasa da layi biyu baƙaƙe a bayan kai, tsawonsu bai kai santimita 2 ba, su ne ake kira na Jamus, kuma su ne masu ɗan karen naci don a cikin gida suke haihuwa, bayan firij, cikin kabad, ƙarƙashin sinki, har cikin soket. Macen tana yawo da jakar ƙwai a bayanta kusan wata guda, jaka ɗaya ƙwai 30 zuwa 40 ne a ciki. To ki fesa ki kashe goman da kika gani, sauran na can lungu ko ɗigon maganin bai taɓa su ba, shi ma ƙwan yana cikin ɓawonsa lafiya lau, bayan 'yan makonni ki ga ƙanana sun sake cika kicin.

Jel ɗin kuwa abinci ne aka cakuɗa da guba mai aiki a hankali, galibi fipronil ko indoxacarb ko hydramethylnon, za ki ga sunan a jikin kwalin. Kyankyaso zai ci ya koma maɓoyarsa ya mutu a can, ƙananan da ba sa fitowa su ci kashinsa, wasu su ci gawarsa, haka gubar ke bin su har inda hannunki ba zai taɓa kaiwa ba. Wlh ina son maganin nan. Lokacin da suka addabe ni har kunyar buɗe kabad nake a gaban baƙi, na jawo firij na ga bayan duk baƙin ɗigo-ɗigon kashinsu wajen injin inda ɗumi yake, nan na ɗiɗɗiga jel ɗin, na sa a kusurwar durowa da wajen marfin kabad da bayan sinki. Da farko kamar ba abin da ya faru, har na fara tunanin ko ba ya aiki, sai na wayi gari ina share su matattu, manya da ƙanana, wasu suna tafiya da rana suna layi. Babu wari, ban fitar da yara waje ba, ban kwashe kwanuka ba. Yanzu ko tsakar dare na kunna fitilar kicin ba abin da ke gudu, alhamdulillahi.

Feshi dai yana kashe wanda ya hau kansa, iyakarsa kenan, na sha saye kuma ba zan ƙara don ƙananan nan ba. Yawancin gwangwanayen sinadarin pyrethroid ne a ciki kuma na Jamus sun daɗe da sabawa da shi a wurare da yawa. Ko a 2019 masu bincike a jami'ar jihar North Carolina ta Amurka sun gwada gwangwanin nan da ake buɗewa a rufe ɗaki ya cika da hayaƙi, suka ga bai rage kyankyasan ba, sai dai ya bar guba a kan tebura da ƙasa, a gidajen da aka sa jel kuwa kyankyasan suka ragu sosai. Ga mai asma ko jariri a gida abin dubawa ne wannan, dama kashin kyankyaso da saɓarsa kansu suna tayar da asma, kin ga an haɗa masa biyu.

Inda feshin yake da ɗan amfani shi ne manyan nan jajaye masu tashi, wajen santimita 4, da ke shigowa ta magudanar ruwa da banɗaki. Su ma toshe hanyar ya fi, ki sa raga a bakin magudana, ki lilliƙe tsagar bango da gefen bututu.

Yadda za ki sa jel ɗin shi ne rabin aikin. Ƙananan ɗigo kamar ƙwayar shinkafa a wurare da yawa, ba ki tula shi wuri ɗaya ba, kuma a lungu inda yaro ko kyanwa ba za su kai ba. Dan Allah kar ki fesa komai kusa da shi, feshin zai kore su daga wurin kin yi asarar duka biyun. Ki wanke kwanuka kafin ki kwanta, ki rufe kwandon shara, ki gyara famfon da ke ɗiga, don suna iya yin makonni ba abinci amma rashin ruwa ba sa jure shi. Kwalayen da aka jibge ma ki fitar, gidansu ne. Bayan sati biyu ki leƙa, inda suka cinye ki ƙara, idan za ki sake saye bayan wata uku ki nemi mai wani sinadarin daban don kar su saba.

Sai maganar masu sayarwa, ba ki tambaya ba amma sai na faɗa. Jabu ya yi yawa, wasu ɗura wani abu suke a tsohon sirinji su manna takarda. Duk wanda babu sunan sinadari, babu lambar rajista, babu ranar ƙarewar wa'adi a jikinsa ki bar musu kayansu. Haka masu ɗura ruwan magani a robar da ba rubutu su ce miki mai ƙarfi ne, sau da yawa maganin gona ne irin su dichlorvos, ba a yi shi don ɗakin kwana ba, an yi asarar rayuka ta wannan hanyar. Allin nan da ake zana layi da shi ma ki guje shi, yara na ɗauka su sa a baki.

Idan wurin sayar da abinci ne ko gidan haya mai ɗakuna da yawa, ki yi magana da maƙwabta a sa tare, in ba haka ba ta bango za su dawo miki. Idan kuma za ki kira mai feshi ki ce ya nuna miki mazubin maganin da takardarsa kafin ya fara, wanda ya ƙi nunawa ki sallame shi.