Gargaɗi ga masu neman wilin tsohuwar Fijo 504 a intanet

Naira dubu 280 na tura wa wani mai tallar wilin 504 a Facebook, ban da dubu 15 na kuɗin mota, kuma yau mako uku ke nan ko sisi bai dawo hannuna ba. Abin da na samu shi ne wili huɗu da ke jingine a garejin makanikena a Zariya, waɗanda ko ɗaya daga cikinsu bai hau motata ba. Na daɗe ina jin nauyin yin wannan rubutu, domin mutum mai shekaruna bai so a ji cewa wani yaro ya cuce shi ta waya, amma ganin tallarsa tana nan a Facebook har jiya da dare ya sa na kasa yin shiru.

Motar Fijo 504 ce ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, ƙirar 1984, daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna. Biyu daga cikin wilinta sun lanƙwashe, ɗaya kuma tsatsa ta ci bakinsa har ba ya riƙe iska. Duk mai irin wannan mota ya san wahalar, domin wilin 504 ramin noti huɗu gare shi, kuma idan aka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa, milimita 140 ne. In ban da 505 da wasu tsofaffin Subaru, da wuya a sami motar da ke da wannan awo. Fijo na baya, irin su 206 da 306 da 406, nasu milimita 108 ne, tsohuwar Golf kuwa 100.

Ina so a fahimci cewa na san wannan duka kafin in biya, ba da ka na yi cinikin ba. Tambayar farko da na yi masa ita ce ta awo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, ai na san 504 kamar yunwar cikina, mahaifina ma ita ya tuƙa." Wannan magana ita ce take ta dawo mini a rai, domin a daidai nan zuciyata ta kwanta. Ya kira ni da bidiyo, ya ɗora tef a kan wili, na ga santimita 14 da idona, har na ce ya matso da wayar, ya matso. Wili ɗaya ya auna, sauran ukun suna can bayansa a jere, ni kuma ban ce ya auna su ba. Wa zai yi zaton mutumin da ya ambaci mahaifinsa, ya kuma ce in gaida iyali, yana da wili ɗaya na nunawa da wasu dabam na aikawa?

Ranar da kayan suka iso tasha, a'a, tun kafin nan ma, ranar Talatar da na tura rabin farko, dubu 140, ya ce wani daga Jos yana son kayan, idan ban cika ba kafin la'asar zai ba shi. Na cika sauran dubu 140 a ranar. Sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ya gaya mini ba, na kuma tambaya, ya ce na yayansa ne mai shagon, abin da ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Dubu 15 ɗin kuwa sai bayan kwana biyu ya nema, ko kuma washegari, saƙonnin dai suna nan da kwanan watansu.

Da muka kwance buhun, makanike ya ɗaga ɗaya ya kai jikin ƙafar motar, sai ya ajiye ya dube ni ya ce, "Alhaji, waɗannan na 306 ne ko mai kama da ita." An fesa musu sabon fenti ruwan azurfa, inci 14 ne kamar nawa, amma ramukan 108 ne, bambancin milimita 32, wanda ko makaho ya shafa zai gane. Har wanda ya auna mini a bidiyo ba ya cikinsu. Na kira shi nan take, ya ce ai Fijo duk Fijo ce, in kai wa mai walda ya faɗaɗa ramukan. Wato in ɗauki iyalina a kan wilin da aka ƙwaƙule wa ramukan noti, in hau titin Kaduna da su! Da na ƙi, ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren ɗauri, zai musanya. Bayan kwana huɗu ya toshe lambata, dubu 295 suka tafi ke nan.

Na kai ƙorafi banki, na kuma shigar da ƙara wurin 'yan sanda, shi ya sa ban sa sunansa da lambar asusun a nan ba tukuna. Ina da hotunan hirarmu gaba ɗaya, da shaidar tura kuɗi guda uku, da hoton tef a kan wilin da ya aiko, kuma zan wallafa su da zarar an ba ni izini.

Kada ku biya kafin wani naku ya je ya auna wili huɗun ɗaya bayan ɗaya, kuma idan sunan asusu ya saɓa da na mai sayarwa, ku fasa. Wanda ya taɓa ciniki da mai tallar wilin 504 da ke cewa yana Legas, ya yi mini magana, domin jami'in da ke riƙe da ƙarar ya ce yana buƙatar ƙarin masu shaida.