Na je kallon gawawwaki a Azapa, na tarar da jarirai

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Arica ba. Aiki ne, kwas na sati biyu kan noman rani, saboda kwarin Azapa da ke gefen garin ya yi suna wajen noman tumatir da zaitun a yankin da ruwan sama na shekara guda bai kai milimita ɗaya ba. Garin yana can ƙarshen arewacin Chile, daf da iyakar Peru, teku a gaba, hamadar Atacama a baya. Ranar Asabar ba mu da darasi, sai wani abokin karatu ya ce in je gidan tarihin San Miguel de Azapa, wai akwai gawawwakin da suka girmi na Fir'aunan Masar. Na ɗauka zuƙi-ta-malle ce irin ta mai tallar garinsu. Ashe da gaskiyarsa.

Daga tsakiyar gari kilomita 12 ne. Na shiga tasin haɗaka, irin wadda ake cika ta da mutum huɗu kafin ta tashi, na biya da peso. A hanya, in ka kai ido kan duwatsun da babu ko tsinken ciyawa, za ka hango zanen mutane da dabbobi waɗanda mutanen zamanin da suka jera da baƙaƙen duwatsu a jikin tudu. Direba ya nuna min da baki, bai tsaya ba, ni ma ban san yadda zan ce ya tsaya da Sifaniyanci ba. Wannan rashin harshen shi ya fi wahalar da ni ranar, laifina ne kuwa, da na sauke manhajar fassara a waya tun a masauki da na huta.

Gidan ƙarami ne, Jami'ar Tarapacá ke kula da shi, tun 1967 yake. Babu hayaniya, babu masu jan hannunka su sayar maka da tsaraba. Farfajiya ce mai itatuwa, an ajiye manyan duwatsu masu zane a ƙarƙashinsu, sannan gine-gine biyu. Na farko yana bin tarihin yankin daki-daki, tun daga masunta har zuwan Sifaniyawa. Na biyu na mutanen Chinchorro ne kaɗai, wato masu gawawwakin da na zo gani.

Shawarata a fara da na farkon, ko da zuciya na jan ka zuwa na biyu. A nan na ga abin da busasshiyar ƙasa ke iya ajiyewa. Riguna da jakunkuna na gashin lama, wata dabba 'yar uwar raƙumi marar tozo, sun shekara fiye da dubu amma jan zarensu bai koɗe ba. Akwai huluna masu kusurwa huɗu na zamanin Tiwanaku, daular da ke can saman duwatsu kusa da tafkin Titicaca, wadda fatakenta ke gangarowa da ayarin lama suna musayar kaya da mutanen bakin teku. Na daɗe a gaban hular nan. Ƙulli ne bisa ƙulli, babu inda zare ya kauce, duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san idon da aikin ya ci. Tukwane, kwanduna, da ƙananan farantan katako da suke shaƙar garin wasu tsirrai a kai, duk na wuce su da sauri. A ƙarshen zauren akwai wata ƙatuwar matsar man zaitun ta katako daga ƙarni na 18. Tana da kyau, amma ina kallonta ina tuna cewa bayi daga Afirka aka kawo suka yi aikin gonakin kwarin nan. Jikokinsu suna nan har yau, kuma sai a 2019 dokar Chile ta amince da su a matsayin al'umma mai zaman kanta.

Sai ɗakin Chinchorro. An rage haske, akwai sanyi. Mutanen nan masunta ne, ba su da tukunya, ba su san ƙarfe ba, ba su gina birni ba. Ƙugiyarsu ta ƙwaryar dodon koɗin teku ce ko ƙayar tsiron hamada. Amma tun wajen shekara 5000 kafin haihuwar Annabi Isa suke gyara gawa, kusan shekara 2000 kafin Misirawa su fara. Max Uhle, wani Bajamushe, shi ya fara bayyana su ga masana a 1917, kuma a 2021 UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya.

Yadda suke yi sai mai ƙarfin zuciya. Za su ɗaye fata, su cire nama da kayan ciki da ƙwaƙwalwa, su ƙarfafa ƙashi da sanduna, su naɗe da ciyawar fadama, su cika jiki da toka da yumɓu, sannan su mayar da fatar. Inda ta yage su yi faci da fatar dabbar teku. Su ɗora fuskar yumɓu, su manna gashin mutum a ka, su shafe jikin duka da wani baƙin ma'adini da ake kira manganis. Daga baya salo ya canja, aka koma shafa jar ƙasa, gashin ya ƙara tsawo, ana barin ido da baki a buɗe.

Na shiga ina tsammanin ganin sarakuna. Abin da na tarar ƙanana ne, wasu ba su kai tsawon kamu ɗaya ba. Jarirai, har da 'yan tayi da ba su isa haihuwa ba, kowanne da 'yar fuskarsa ta yumɓu, ramuka biyu na ido, ɗan tsagi na baki. Masar ta yi wa Fir'auna da masu hali, su kuwa waɗannan kowa suke yi wa, kuma mafi tsufan gawawwakin da aka samu na yara ne, daga kwarin Camarones da ke kudu da Arica. Bernardo Arriaza, masanin da ya daɗe yana bincike a kansu, yana ganin ruwan kogin can ne sila: cike yake da gubar asenik, mai jawo ɓari da mutuwar jarirai. Wato wabi ne ya addabi matan, haihuwa bayan haihuwa babu mai tsayawa. Hasashe ne, shi ma bai ce tabbas ba. Amma ina tsaye gaban gilashin nan na tuna yayata da ta binne uku a jere, da yadda ta ƙi rabuwa da 'yar rigar na ƙarshen, sai na ji ƙafata ta yi nauyi. Wasu fuskokin an ga alamar an sake shafa musu fenti fiye da sau ɗaya, abin da ke nuna ba a gaggauta binne su ba, an zauna da su a gida.

A nan ne zuciyata ta rabu biyu, kuma gara in faɗa wa mai niyyar zuwa. Mu da muka tashi da sanin cewa haƙƙin mamaci shi ne a suturta shi a kai shi makwancinsa da wuri, tsayawa kallon gawa ta gilashi ba ya kwanciya a rai. Ban ɗauki hoto ko ɗaya a ɗakin ba. Sai dai in yi adalci, ba a mai da su abin wasa ba. An kwantar da su a natse, kaɗan ake nunawa, mafi yawa suna ajiye a ɗakin da ake daidaita zafi da danshi. Dole ma a yi haka, domin a shekarun baya fatar wasu ta fara narkewa tana zama baƙin ruwa mai yauƙi, bincike ya nuna ƙaruwar danshi ce ta tayar da ƙwayoyin cuta suna cin ta.

Awa biyu sun ishe ka, ni na yi uku. A tafi da ruwa da hula, rana a kwarin ba ta da sauƙi, kuma a riƙe kuɗi a hannu saboda mota. Wanda ke da sauran lokaci ya leƙa reshen gidan a cikin gari, Colón 10, a gindin dutsen Morro, inda aka ci karo da makabarta ana shirin gini a 2004, aka bar gawawwakin a inda suke aka shimfiɗa gilashi a kai. Ni ban iya takawa ta kansu ba, daga gefe na tsaya. Da zan bar Azapa na sayi zaitun rabin kilo a bakin hanya, manya ne masu launin shunayya, da ɗan ɗaci, na cinye su a mota kafin mu iso gari.