Injin shara mai caji: wata uku ina yabonsa, ranar jajibirin suna ya kunyata ni

Na fi wata biyu ina cewa zan rubuta wannan ina fasawa, don duk sanda na zauna sai in rasa ko yabo zan yi ko mita. Yau dai na ce duk abin da ya fito ya fito.

Injin shara ne irin na tsaye, mara igiya, wanda ake yi wa caji. Kun san su, masu dogon bututu da kwano garau a sama, inda datti ke taruwa kina kallo. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ko na faɗa ma ba zai amfane ku ba, don irinsa ɗaya ne ake liƙa wa suna kala-kala a kasuwa. Kuɗinsa kuwa kun sani. Ba na masu tsadar nan ba ne da sai an sayar da awarwaro, ba kuma na banza ba ne. Kwasar adashina guda na zuba a kansa, cikin Oktoba, ruwa na ɗaukewa.

Yarona na biyu yana da asma, shi ya sa na saya. Duk macen da ta taɓa share kafet da tsintsiya cikin hunturun Kano ta san ba shara take yi ba, sauya wa ƙura wurin zama take yi. Ta tashi daga ƙasa, ta yi ta shawagi, ta sauka kan labule da talabijin da ƙirjin yara. Likita ya ce a cire kafet gaba ɗaya. Ni kuma na ce kafet ɗin da Babana ya saya mini a kayan ɗakina ba inda za shi.

Ranar farko ba zan manta ta ba. Sai da na sa aka share falo tas da tsintsiya tukuna, don in gwada shi da gaske. Na kunna, na bi rabin kafet kawai, na duba kwano. Wallahi sai da kunya ta kama ni. Wani gari ne toka-toka, mai laushi kamar an tankaɗe, da gashi, da ɓurɓushin biskit, da yashin da ban san ta ina ya shigo ba, duk suna juyawa a ciki kamar guguwar rani. Surukata tana kan darduma tana lazimi, ta leƙo ta ce, "Ashe shekara da shekaru a kan juji muke sallah." Da na je zubarwa sai ga ɗan kunnena na zinari, wari ɗaya, wanda ya ɓata tun Sallar layya har na zargi yarinyar da ba ta ji ba ta gani ba. Allah Ya yafe mini. A ranar da za a tambaye ni, cewa zan yi injin ya biya kuɗinsa.

Daga nan na zama 'yar tallarsa ba albashi. Duk wadda ta shigo sai na kunna mata. Ba shi da nauyi, hannu ɗaya ya isa. Wuyansa yana lanƙwasa, yana shiga ƙarƙashin gado ba sai kin durƙusa ba. Akwai 'yar fitila a bakinsa da ke haska ƙasa a kwance, ƙurar da ido ba ya gani a kan tayil sai ta fito ɓaro-ɓaro da inuwarta. Ramin taga, inda ƙura ke daskarewa, da kujerun mota, duk ya iya. Wannan ba zan hana shi ba ko yanzu da nake jin haushinsa.

Ƙanena da ya karanta injiniyanci a Zariya shi ya fara zuba mini ruwan sanyi. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa wasu 'yan mazurarai da ke jere a zagaye a saman kwanon, ya ce, "Yaya, in dai waɗannan na gaske ne kin yi sa'a." Ban kula da wannan "in dai" ɗin ba. Na bar shi yana ta ba ni tarihi ina yankan alayyafo. Wai injin sharar gida wani mai sharar kanti ne a Ohio ta Amurka, James Spangler, ya haɗa shi a 1907, shi ma ƙura ce ke tayar masa da asma. Fanka ya samu, da sandar tsintsiya, da rigar matashin kai ta tare datti, daga baya William Hoover ya sayi fasahar a 1908. Wannan ya taɓa ni, don na san abin da ya ji a ƙirjinsa. Tun daga nan jaka ake amfani da ita, iska ta wuce ta ƙofofin yadin, datti ya tsaya. Matsalar jaka ita ce ƙura mai laushi tana toshe ƙofofin tun kafin ta cika, sai ƙarfin zuƙa ya mutu.

Shi ne wani Bature ɗan Ingila, James Dyson, ya ga yadda masu tsaga katako ke raba garin katako da iska a cikin wani ƙaton mazurari, ya ce bari ya ƙanƙanta shi ya sa a injin gida. Sai da ya ƙera samfuri 5,127 kafin ya dace. Manyan kamfanoni suka ƙi karɓa, don cinikin jaka ma kansa kasuwa ne. A Japan nasa ya fara samun kasuwa, sai 1993 ya fito da injinsa mai suna DC01 a ƙasarsu. Har kwanon nan garau da ya sace zuciyata an ce masa kada ya yi, wai ba mai son ganin dattin gidansa. Ashe ba su san mu ba.

Abin da ya zauna mini a kai cikin duk bayaninsa shi ne misalin shiƙa. Ya ce in mace na shiƙar gero, tsaba ce ke faɗuwa, ƙaiƙayi ya bi iska. Haka babban kwanon yake: iska ta shigo tana juyawa, yashi da gashi masu nauyi su bugi bango su faɗi, ƙura mai laushi kuwa ta bi iska ta wuce. Aikin ƙananan mazuraran shi ne kama wannan ƙaiƙayin. Iya ƙanƙantar mazurari iya saurin juyawar iska a cikinsa, har ƙurar da ba ta da nauyi a jefar da ita gefe. Shi ya sa masu tsada ke jera su fiye da goma. Abin da ya tsira daga nan ne kawai ya kamata ya kai ga filta. Na ce to, na ji, miƙo min wuƙa.

Sai ga Janairu. Hazo ya sauko irin wanda ko gidan da ke kallon naku ba ku gani sosai, leɓe na tsagewa, ki goge tebur da safe kafin azahar ki rubuta sunanki a kai. A cikin wannan faccalata ta haihu, aka ce a gidanmu za a yi taron suna don falonmu ya fi girma. Ranar jajibiri, bayan la'asar, an gama jera kujeru, ana suyar cincin a tsakar gida, na ɗauko injina da taƙama, mata na kallo. Na kunna. Ya yi "wuu", ya ɗauke. Ya sake "wuu", ya ɗauke. Kamar mai shaƙuwa. Wata jar fitila ta hau ƙiftawa. Na ce caji ne. Ba wuta tun safe, na sa maigida ya aika a sayo fetur aka tayar da janareta saboda injin shara kawai, yana ta harara ta. Bayan awa biyu na sake kunnawa, shaƙuwar dai ita ce. Ko ƙwayar shinkafa ya kasa ɗauka. Wata gwaggon maigidan ta ce, "Amarya, ko dai a kawo tsintsiya? Ita ba ta jiran NEPA." Shekarata goma sha ɗaya a gidan, amarya take ce mini in za ta yi min shaguɓe. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma cikina kamar an zuba barkono.

Tsintsiyar aka kawo. Aka yayyafa ruwa aka share, ƙura ta tashi duk da haka. Ƙarfe biyun dare yarona ya farka yana numfashi da ƙyar, ƙirjinsa na fito, na zauna da shi da abin shaƙarsa har kiran assalatu. Ranar suna da jajayen idanu na karɓi baƙi. Wannan daren ne ba zan yafe wa injin nan ba.

Bayan sati na kai shi wurin wani mai gyaran fanka da blenda a unguwarmu. Ya cire filta ya buga a gefen benci, wani dunƙulen gari ya faɗo kamar siminti, ya daskare har ya ɗauki siffar filtar. Ya ce iska ce ba ta wucewa, injin yana yanke kansa don kada ya ƙone. To wannan laifina ne, takardar ta ce a riƙa wankewa duk wata, ni kuma tun Disamba rabona da wanke ta. Amma da ya sa sukudireba ya buɗe saman, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya, zo ki gani." Mazuraran nan da ƙanena ya ƙwanƙwasa, guda takwas, babu ko ɗaya da ke da rami. Roba ce aka zuba a siffar mazurari, a toshe, an shafa mata ruwan azurfa. Ya zura tsinke, bai shiga ba. A ciki ba komai sai rariyar ƙarfe guda da soso. Na ce, "Malam, to mene ne aikinsu?" Ya ce, "Aikinsu su sa ki saya, kuma sun yi."

Wato duk ƙurar hunturu, mai laushin nan da ta fi garin tuwo, kai tsaye take tafiya kan filta. Jakar da aka ce an rabu da ita tana nan, an dai mayar da ita ƙarama an ɓoye. Wataƙila a ƙasar da ake ruwa rabin shekara filtar za ta kai wata. A nan cikin hazo kwana huɗu ba ta kaiwa.

Bai tsaya nan ba. Kwalin an rubuta HEPA da manyan baƙaƙe, kuma dama na san filtar da ta cancanci wannan suna tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da ƙanƙantarta ta kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Saboda wannan kalmar ma na zaɓe shi. Mai gyaran ya tura ƙofar shagonsa, ya kunna injin, ya haska tocila a inda iska ke fita ta baya. Ga ƙura nan tana fita siriri ta gefen murfi, don robar da ya kamata ta rufe bakin filtar ba ta zauna daidai ba. Ko filtar ta gaske ce, iska ta samu hanyar kewaye ta. Wata uku ina zuƙe ƙura daga ƙasa ina fesa mafi laushinta daidai tsayin hancin yaro. Ya naɗa min wani siririn soso a wurin, ya ragu sosai, na ba shi na goro.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Burushin da ke juyawa a bakinsa, an ce ba ya riƙe gashi. Ƙarya ce. 'Yan mata uku gare ni, duk Asabar mai kitso na zuwa. Gashi da zare da ragowar ataci sai su nannaɗe shi tam kamar an yi masa kitson zare, ya daina juyawa, wari kamar roba na ƙonewa. Sai in zauna da reza ina tsagawa. Na ga irin sababbin da ake yi yanzu, wasu da 'yan haƙora kamar matsefi a ciki suna tsefe gashin yana shiga kwano, wasu burushin ma tsukakke ne ta gefe ɗaya, gashin na zamewa da kansa ya fita ta siririn bakin. Dabara ce mai kyau. Nawa dai reza ce dabararsa.

Batir kuma kwali ya ce minti 45. Haka ne, in kin sa shi a ƙaramin gudu, wanda ko tururuwa sai ta ga dama za ta shiga. A babban gudu, wanda kafet ke buƙata, na duba agogo: minti tara. Cajinsa awa huɗu. Kuma a ɗaure yake da kusoshi, ba irin wanda za ki zare ki sa wani ba. A garin da wuta ke zuwa sanda ta so, sai ki tsara sharar gidanki da jadawalin da ba wanda ya san shi.

To in jefar? Ban jefar ba, kuma gaskiya har gobe yana fitar da abin da tsintsiya ba za ta taɓa fitarwa ba. Tarin yaron ya ragu tun da aka gyara robar, wannan na shaida. Na nemo filta ta biyu da ƙyar, ina wanke ɗaya ina sa ɗaya duk bayan kwana uku. Kada ki kuskura ki mayar da ita da danshi, laka za ta zama, ga wari. Takarda ta ce a bar ta awa 24 ta bushe, abu ɗaya ke nan da hunturu ya taimake ni, kafin magariba ta yi ƙayau. Da a Nuwamba na rubuta wannan, tauraro biyar zan ba shi. Ranar suna ko ɗaya ba zai samu ba. Yau ina tsakanin biyu da uku, gwargwadon ko Asabar ce.

In za ki saya, kada juyawar datti a kwano ta ruɗe ki yadda ta ruɗe ni, kowane iri yana wannan wasan. Ki ce mai shago ya cire kwanon, ki leƙa ƙasan mazuraran, ki zura tsinke. In ya ce kamfani ya hana buɗewa, ki yi masa sallama. Ki tambaye shi kuma ko yana da filtarsa a shago a ranar, ba "za a kawo" ba.

Makon jiya faccalata ta aiko a ara mata shi, za ta yi baƙi. Na ba ta. Na haɗa mata da reza, da tsohon burushin haƙori na kakkaɓe filta, da sabuwar tsintsiya guda.