Sharhi Kan Rangadin Ƙawanyoyin Yaƙi Uku Na Birnin Ƙudus

Akwai wani ƙaramin kamfanin jagorar baƙi a birnin Ƙudus, wanda Littafi Mai Tsarki na Kirista yake kira Urushalima, da ke shirya rangadin ƙafa na yini guda a kan manyan ƙawanyoyin yaƙi uku da aka yi wa birnin a zamanin da: ta Assuriyawa a shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta mutanen Babila wadda ta ƙare da ƙone birnin wajen shekara ta 586, da kuma ta Rumawa a shekara ta 70 bayan haihuwarsa. Mu goma sha biyu ne muka bi rangadin a ranar, Musulmi da Kirista, kuɗin da muka biya kuma ya haɗa da tikitin shiga wuraren tarihi amma bai haɗa da abincin rana ba. Na fito na gamsu ƙwarai, ko da yake akwai giɓi biyu da suka tsaya mini a rai.

Ɗan jagorarmu dattijo ne mai natsuwa, wanda ba ya rabuwa da wani tsohon littafi da gefensa ya cika da rubutun fensir. Salonsa shi ne ya tsayar da mu a gaban dutse, ya karanta nassin da ya shafi dutsen, sa'an nan ya faɗa mana abin da masu tonon kayan tarihi suka gano da inda suka saɓa da nassin. Ya fara da mu a Katanga Mai Faɗi da ke Unguwar Yahudawa ta tsohon birni, wadda Nahman Avigad ya tono a shekarun 1970, kaurinta kuwa ya kai mita 7. Ya nuna mana tushen wani gida da katangar ta ratsa ta kansa, ya buɗe Ishaya sura 22 aya 10, inda aka ce an ƙidaya gidajen Urushalima, an rushe wasu domin a ƙarfafa garu. Ganin harsashin gidan da aka danne da ido ya sa na ji tsananin gaggawar mutanen da suke jiran isowar rundunar Sennakerib, sarkin Assuriya.

A nan ne ya shimfiɗa mana labarin ta fuskoki biyu. Littafin Sarakuna na biyu, sura 18 da 19, ya ce Hezekiya, sarkin Urushalima a lokacin, ya biya Sennakerib talanti 300 na azurfa da 30 na zinariya (talanti ma'aunin nauyi ne na zamanin), kuma duk da haka jakadan Assuriya ya tsaya a bakin garu yana yi wa jama'a magana da harshensu domin ya karya musu zuciya, har fadawa suka roƙe shi ya koma harshen Aramiya. Nassin ya ƙare da cewa mala'ika ya hallaka mutum 185,000 a sansanin a dare ɗaya. Rubutun da Sennakerib ya bari a kan yumɓu kuwa ya ce ya ci garuruwa masu garu 46, ya kulle Hezekiya a birninsa kamar tsuntsu a keji, ya karɓi talanti 30 na zinariya da 800 na azurfa. Abin da dattijon ya ja hankalinmu a kai shi ne, sarkin da ya ƙawata bangon fadarsa a Nineba da zanen cin garin Lakish bai taɓa da'awar ya shiga Urushalima ba. Ya bar mana hukunci, bai tilasta wa kowa ra'ayi ba, kuma na yaba masa a kan haka.

Ramin ruwa na Hezekiya shi ne zuciyar rangadin. An fafe shi a cikin dutse, tsawonsa kimanin mita 533, yana janyo ruwa daga maɓuɓɓugar Gihon zuwa tafkin Siluwam domin kada maƙiyi ya sami abin sha a waje, kada kuma mutanen gari su rasa a ciki. Ruwan yana da sanyi sosai, a farkon shiga ya kai mini cinya kafin ya sauka zuwa ƙwauri, a wasu wuraren kuma kafaɗuna biyu suna gogar bango lokaci guda, dole kuma mutum ya sunkuya. Can wajen tsakiya dattijon ya ce mu tsaya mu haska bango da tocila, sai muka ga sawun sarar magirbi ya juya fuska, domin a daidai wurin ne ƙungiyoyin ma'aikata biyu da suka faro daga kowane ƙarshe suka haɗu. Rubutun Siluwam da aka sassaƙa a bangon ramin, wanda aka gano a 1880 kuma asalinsa yake gidan tarihi na Istanbul a yau, ya bayyana yadda suka riƙa jin muryar juna ta cikin dutse kafin su huda shi. Na shafa sawun da yatsuna, na daɗe ban ce komai ba. Dattijon ya kuma faɗa mana gaskiya cewa wasu masana suna ganin aikin ya girmi zamanin Hezekiya, ko da yake mafi yawansu suna danganta shi da shi.

Daga tafkin ya ɗauke mu a mota ya mayar da mu saman tudu, maimakon ya nuna mana kufan da Babila ta bari tun muna gangarowa kamar yadda hanya ta fi sauƙi. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, amma daga baya na gane hikimarsa, domin yana so mu ji daɗin tsira tukuna kafin mu ga toka. A gangaren da Yigal Shiloh ya tona akwai ɗakin da ya ƙone, an sami kawunan kibau a cikinsa, kusa da shi kuma an sami tarin ƙananan hatimai na yumɓu da wutar ta gasa har suka tsira, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da sunan Gemariya ɗan Shafan, wanda aka ambata a littafin Irmiya. Daga baya Eilat Mazar ta sami hatiman Yukal ɗan Shelemiya da Gedaliya ɗan Fashur, biyu daga cikin fadawan da sura 38 ta ce sun sa aka jefa Irmiya a rijiya mai laka.

A wannan wuri ne ya faɗi maganar da ta biya mini kuɗin rangadin gaba ɗaya. Ya ce tsirar da birnin ya yi daga Sennakerib ita ce ta dasa wa jikokin mutanen wata amincewa ta ƙarya, cewa muddin Haikali yana tsaye babu abin da zai taɓa su ko me suka aikata. Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikalin, kamar yadda sura 7 ta nuna, ya gargaɗe su kada su dogara ga maimaita sunan Haikalin Ubangiji alhali suna zaluntar baƙo da maraya da gwauruwa. Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya kwashe sarki Yehoyakin a 597, ya naɗa Zadakiya, da Zadakiya ya yi tawaye kuma sai Nebukadnezzar ya dawo ya yi wa birnin ƙawanya ta wajen wata 18, har yunwa ta gama da mutane, aka yanka 'ya'yan sarkin a gabansa a Ribla, aka ƙwaƙule masa idanu. Nassin bai ɗora nauyin duka a kan maƙiyi na waje ba, ya juya ya tuhumi na ciki, kuma wannan shi ne ma'anar addini da ta ratsa labarin daga farko zuwa ƙarshe. Na ji daɗi da ya tuna mana cewa shi Irmiyan, yana tsare kuma rundunar Babila tana bakin garu, ya sayi gona a Anatot a kan shekel 17 na azurfa, ya sa aka adana takardar a tulu saboda yaƙininsa cewa za a dawo.

Ƙawanyar Rumawa an bi ta da gaggawa domin rana ta yi nisa. Mun ga manyan duwatsun da sojojin Titus, kwamandan Rumawa, suka turo daga sama suka farfasa daɓen titin zamanin sarki Hirudus, dattijon ya karanta Linjilar Markus sura 13 a kan cewa ba za a bar dutse a kan dutse ba, ya kuma ambaci abin da Yosefus, masanin tarihi Bayahude na zamanin, ya rubuta na yadda ɓangarorin 'yan tawaye suka ƙone rumbunan hatsin juna, da abin da malaman Talmud, kundin koyarwar Yahudawa, suka ce na cewa ƙiyayya marar dalili ce ta rushe Haikali na biyu, wanda aka gina bayan Babila ta ƙone na farko. Wannan sashe ya cancanci awa biyu, amma minti arba'in ya samu.

Giɓi na farko shi ne bai ambaci Alƙur'ani ba sam, alhali ayoyi na 4 zuwa 8 na Suratul Isra'i suna magana a kan ɓarna sau biyu, da aiko bayi masu tsananin ƙarfi da suka kutsa tsakanin gidaje, da shigarsu masallaci kamar yadda suka shiga a karon farko. Masu tafsiri sun saɓa a kan su wane ne waɗannan bayi, amma da yawansu sun ambaci Bukhtanassar, wato Nebukadnezzar. Da na tayar da zancen, ya amsa da ladabi cewa bai karanci wannan ɓangare ba, kuma a ganina kamfanin da ke karɓar baƙi Musulmi ya kamata ya cike wannan gurbi. Na biyu kuwa, tonon yana gudana ne a unguwar Silwan ta Falasɗinawa, inda ake taƙaddama mai zafi a kan gidaje da filaye, amma jimla biyu kawai ya ce a kai, alhali muna tafe muna wuce ƙofofinsu.

Duk da haka ina ba da shawarar rangadin ga duk mai son karanta nassi a inda abin ya faru. Ya zo da takalmin shiga ruwa, da tocila, da tufafin canji, wanda kuma yake tsoron matsattsen wuri ko yake da ciwon gwiwa ya nemi a bi da shi ta busasshen ramin Kan'aniyawa da ke gefe. Ya kuma roƙi kamfanin tun wajen yin rajista a raba masa rangadin kwana biyu, domin duwatsun titin Hirudus su sami lokacin da ya dace da su.