In the Mood for Love: tsohon faifai ko sabon gyara?

Kafin ka fitar da kuɗinka, ka sani cewa a wannan fim na darakta Wong Kar-wai, wanda ya fito a 2000, launi da kiɗa ne ke ɗauke da labarin. Maƙwabta biyu ne a Hong Kong ta 1962 suka gano matar wannan da mijin waccan na cin amanarsu, amma ba su cika furta abin da ke ransu ba. Jan labule ke magana a madadinsu, da rigunan jarumar fim ɗin, Maggie Cheung, waɗanda canjinsu ke nuna maka an kwana an tashi. Sai kiɗan Shigeru Umebayashi da ke tashi idan ta sauka matakala sayen taliya.

Ni dai zaɓina faifan Blu-ray na kamfanin Criterion na 2012. Jansa ja ne sosai, mai ɗumi, fatar 'yan wasa tana nan yadda Allah ya yi ta, duhun lungu kuma bai haɗiye fuskar jarumin fim ɗin, Tony Leung, ba. Sauti tas, har waƙoƙin Nat King Cole na Sifaniyanci kamar daga rediyon maƙwabta suke fitowa. Sai dai an kulle shi a yankin A, wato ba ya aiki sai a na'urar da ke karɓar faifan wannan yanki, mu kuwa Afirka yankin B muke, don haka a duba na'ura tukuna.

Sabon gyaran da ke cikin akwatin fina-finan Wong Kar-wai guda bakwai na 2021, da faifan 4K na 2022, darakta ne da kansa ya sa hannu, kuma hoton ya fi kaifi. Amma an shafa masa kore-kore, ni kam bai yi mini ba. Kallo ta intanet kuwa, sabon gyaran aka fi sakawa.

Babbar masifar ita ce jabu. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da kwali mai ƙyalli, ashe kwafi ne aka matse: ja ya dishe, kiɗan yana sarƙewa, fassarar ƙasan allo tana riga baki. Juya faifan ka duba bayansa; wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi shuɗi-shuɗi ko duhu. In ka ga fim goma a faifai ɗaya, ko farashi ya yi araha fiye da kima, ajiye. Kada ka yarda da "na kamfani ne, wallahi". Ka ce a kunna maka wurin matakalar nan a gabanka kafin ka biya.