Tukunyar waken maƙwabciyata a Bronx

Kwanana tara da haihuwa, wata Talata da azahar, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Maigida ya fita aiki tun asuba, daga ni sai jaririya a hawa na huɗu a unguwar Bronx ta birnin New York, ga sanyin Fabrairu. Duk wadda ta yi jego a gaban uwarta ta san abin da na rasa, ba sai na lissafa ba.

Da na buɗe sai na ga tsohuwar da ɗakinta ke kallon namu, mutuniyar Jamhuriyar Dominikan da ke yankin Karibiyan, rungume da tukunya a cikin tawul. Shekara guda muna haɗuwa a matakala, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu, don ita Sifaniyanci take ji. Ta ɗaga murfi, sai ga jan wake cikin romo mai kauri, ƙamshi ya cika wurin. Wallahi yunwa nake ji a lokacin. Amma an sha ja mini kunne cewa mutanen Karibiyan suna jefa naman alade a tukunyar wake, kuma ba ƙarya ba ne, da yawa suna yi. Na girgiza kai, na ce na gode, na tura ƙofa. Kafin ta rufu na ga yadda fuskar matar ta sauya. Na koma na zauna ina kuka, domin a gidanmu ba a mayar da kwanon maƙwabci. Ko ba za ki ci ba, karɓa kike yi ki juye, ki wanke, ki sa wani abu a ciki ki mayar.

Bayan magariba ta dawo da jikarta mai jin Turanci, da leda a hannu, da sabuwar tukunyar dalma wadda ko takardar farashi ba a ɓare ba. Yarinyar ta ce kakarta ta ce babu alade a na ɗazu, ita tun a Santiyago, can ƙasarsu, ba ta sa nama a wake, amma ta gane, kuma ba ta ga laifina ba. A madafata za ta dafa, ina kallo. Tun daga daren nan nake ce mata Inna, ita kuma tana ce mini miha, wato 'yata.

Abu na farko da ya tsaya mini a rai shi ne waken kansa. Ta farke ledar, mai nauyin fam ɗaya, gram 454 ke nan, za ta juye a roba, sai na miƙo faranti don in tsince. Ta bar ni. Na baza, na bi shi ƙwaya ƙwaya yadda aka koya mana, na tashi da fasassu guda biyu. Ba tsakuwa, ba ƙwaro, ba huda, ba warin magani. Ta wanke shi sau ɗaya, ta zuba ruwa ya sha kansa sosai, ta ce sai da safe.

'Yan uwa mata, ku lura da wannan, don na ji ana sayar da shi yanzu a manyan kantunan Kano da Abuja. Wannan ba jan wakenmu ba ne. Nasu dogo ne mai siffar ƙoda, asalinsa daga nahiyar Amurka, fatarsa da kauri, kuma yana da wani sinadari da ke sa amai da gudawa idan bai dahu ba. Sai an jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon, a zuba sabo, a bar shi ya yi tafasa mai ƙarfi aƙalla minti 10 kafin a rage wuta. Kada wata ta ɗauke shi kamar farin waken garau-garau.

Da safe ta ɗora shi da ruwa zalla. Na ɗauko kanwata da na zo da ita daga gida na nuna mata, ta shinshina, ta mayar mini, ta nuna agogo. Awa ɗaya da 'yan mintuna ya yi laushi, yana murjewa tsakanin yatsu, launinsa bai dushe ba. Ta tsame waken gefe, ta ajiye ruwan dahuwar, ko cokali ba ta zubar ba.

Sai ta fito da ɗan turminta na katako, suna ce masa pilon, ta daka tafarnuwa da gishiri da busasshen ganyen oregano. Ƙarar dakan nan ita ce ta fara sa ni jin kamar ina tsakar gidanmu. Ta zuba mai kaɗan ƙwarai a tukunya, wanda bai fi cokali biyu ba, ta soya jar albasa da wani dogon koren tattasai marar yaji, ta zuba dakakkiyar tafarnuwar, ta ƙara cokali guda na tumatirin gwangwani. Sannan ta kawo kabewa, awuyama a bakinsu, ta yanka ƙanana ta zuba. Ta juye waken a kai ta juya ya sha kayan, ta biyo shi da ruwan dahuwarsa, ta ɗaure ganyen silantiro da wani mai faɗi mai ƙarfin ƙamshi ta jefa, ta rage wuta.

A nan sirrin yake. Kabewar narkewa take yi ta ɓace cikin romon, ita ke ba shi kauri da ɗan zaƙi. Bayan kamar minti 20 sai Inna ta sa bayan ludayi ta murƙushe wani sashe na waken a jikin tukunya, ta bar sauran a tsaye. Tana ɗebowa tana tsiyayarwa tana duba, har sai da romon ya riƙa bin ludayi a hankali. Bai yi ruwa ba, kuma bai kai fate ba. Ta tsame ganyen ta yar. Ba attarugu ko ɗaya, wanda da farko na ɗauka mantuwa ce.

Suna kiransa abicuwelas gisadas, kuma miya ce, ba haɗi ba. Farar shinkafa ake dafawa daban, a zuba mata waken a kai, a ajiye naman kaza ko na sa a gefe, wani lokaci da fiya ko soyayyiyar agada. Wannan faranti shi ne abincin ranarsu kusan kullum, har suna ce masa la bandera, wato tuta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanzo. Da gangan ta bar gindin shinkafar ya kama ya yi ja, ta kankare shi ta zuba a kwano na musamman, ta malala masa romon wake, ta miƙo mini da hannu biyu. Konkon suke ce masa, kuma wanda ake ji da shi ake ba. Na cinye tas, na ƙara, ita kuwa tana riƙe da jaririya tana mata waƙa da yarensu.

Tun ranar abin yake damuna. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman irin wakenmu. Wanda ya taɓa shiga Dawanau bayan kaka ya ga buhuna har inda ido ya tsaya. Amma a gidajenmu da yawa wake abincin ranar da babu ne, ba a ba baƙo, amarya tana jin kunyar a ce ta dafa shi. Muna watsa masa kanwa ya yi baƙi ya lalace, mu lulluɓe da manja da yaji. Na san gas da gawayi sun yi tsada, kuma kanwa tana rage lokacin wuta. To jiƙon dare nawa ake biya? Kabewa kuwa tana nan jibge a kasuwa, mun ɗaure ta a miyar taushe kamar ba ta da wani aiki.

Wanda ya fi ciwo shi ne maganin ƙwari. Duk mun san masu ajiya da ke yayyafa wa buhu fiya-fiya don kada ya huda kafin farashi ya tashi, kuma mun san 'ya'yan wa ke ci. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Alhali akwai buhun nan mai ninki uku, PICS, da Jami'ar Purdue ta nan Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu a ciki da buhu a waje, a ɗaure tam iska ta ƙare ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Ya fi shekara goma a kasuwanninmu. Haba alhazai 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah. Sai kuma tsakuwar da ake ƙarawa don kwano ya cika, da gindin mudu da ake bugawa ya lotsa.

Kada ku ɗauka nan komai daidai ne. Kabewar da a gida za a ba ki gyara, nan yanki guda ake naɗewa a leda a ɗora a sikeli. Ba tayi, ba ragi, ba wanda zai ce ƙara wa Hajiya. Sayayya kuma ta zama karatu. Duk gwangwanin wake da duk ƙunshin kayan ɗanɗano sai na juya bayansa ina neman kalmomin da ke nuna akwai alade, waɗanda Inna ta sa jikarta ta rubuta mini a takarda: cerdo, jamón, tocino, manteca. Wani garin ɗanɗanon kamanninsa ɗaya da na kaza, amma na alade ne. A gidajen abincinsu, in kin tambaya ko akwai alade a wake, mai zubawa kan ce babu, yana nufin ba a ganin tsoka, bai san me aka jefa tun farkon dahuwa ba. Na daina ci a waje. Na gwangwanin kuma, ko da mai tsabta ne, gishirin ruwansa ya yi yawa, kuma ba ya ba da romon da na jiƙo ke bayarwa. Farin wakenmu ana samu, amma ɗanɗanon sabon waken kaka ban ƙara jin sa ba tun da na zo.

Lokacin azuminsu na kafin Ista ta sake shigowa da wani abin, wake da madara da ruwan kwakwa da dankalin Hausa da kirfa da kanumfari da zabibi, mai zaƙi kamar kunu. Gida gida suke rabawa kamar yadda muke rabon abincin sallah. Wannan karon da hannu biyu na karɓa.

Ban mayar da kwanon haka nan ba. Na dafa mata garau-garau da farin wake, jiƙon dare, ba kanwa, na soya man gyaɗa da albasa, na zuba yajin ƙuli a gefe. Ta ɗanɗana yajin ta yi tari har da hawaye, ta sha ruwa, ta koma ta ci gaba. Da ta gama ta sa jikarta ta tambaye ni ina romon yake. Na ce namu ba shi da romo. Ta yi shiru, sannan ta ce ranar Asabar in kawo farin waken, za mu gwada shi da kabewa a tukunyarta sabuwa, wadda har yau take madafata.