Fitilun bango a gidanmu na ƙauye: abin da mai wayarin ya yi daidai da inda ya gaza

Bayan girbin bara, da muka kammala sabon ɗakin bulo a gidanmu da ke wani ƙauye gabas da Ringim, muka yanke shawarar sa wutar sola a gidan baki ɗaya, tun da layin lantarki bai iso unguwarmu ba har yanzu. Muka ba da aikin ga wani matashi mai wayarin, mai ƙaramin shago a bakin tasha, wanda maƙwabtanmu biyu suka yaba da hannunsa. Yanzu hunturu ɗaya da damina ɗaya sun wuce a kan aikin, don haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, musamman a kan tsayin da ya kafa fitilun, domin a nan ne ya bambanta da waɗanda na sani.

Al'adar masu wayarin a wajenmu ita ce su hau tsani su maƙala mariƙin ƙwai dab da silin, ƙafa takwas ko tara daga ƙasa, a kowane ɗaki, ba tare da sun tambayi abin da ake yi a ɗakin ba. Hujjarsu ita ce yara ba za su kai hannu ba, kuma wai haske zai game ko'ina. Shi wannan bai fara da tsani ba. Da ya shiga zaure, sai ya cire takalmi ya zauna a kan tabarmar da mahaifinmu ke karatu, ya ce mini: "Malam, ku riƙe mini ƙwan nan a jikin bango, ku riƙa sauko da shi a hankali har sai na ce ya isa." Ya riga ya haɗa ƙwan da ƙaramin batir, kuma bayan magariba ne, don ya ce ba a auna fitila da rana. Na riƙa saukowa yana duban allon da ke kan cinyarsa, har wasulan rubutun suka fito sarai, sannan ya tashi ya yi alama da gawayi. Da ya ja tef, ƙafa biyar ne cif.

Bayanin da ya yi mini ya gamsar da ni. Ma'aunin da aka saba bayarwa ga fitilar bango shi ne tsakanin santimita 150 da 170 daga daɓe, wato ƙafa biyar zuwa biyar da rabi, daidai idon mutumin da ke tsaye, amma wannan ma'auni na fitila ce mai murfi, ba ƙwai tsirara ba. Kuma haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato, domin idan nisa tsakanin fitila da abin da ake dubawa ya ninka biyu, hasken da ke sauka a kai yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Mu kuwa a ƙasa muke rayuwa: a tabarma ake cin tuwo, a tabarma yara ke biya karatu, a tabarma ake lissafin buhunan riɗi. Fitilar da aka rataye can kusa da rufi tana haska silin da yanar gizo-gizo ne kawai, ta bar mai karatu yana ƙifta ido. Saboda haka a kusurwar karatu ya sa fitila mai hula wadda ke tura haske ƙasa, yadda wanda ya shigo a tsaye ba zai haɗa ido da ƙwan ba. Ƙwan na LED ne mai wat 5, wanda haskensa ya yi kusa da na tsohon ƙwai mai wat 40, kuma wannan ƙarancin cin wuta shi ke sa batirinmu kaiwa asuba.

A lungun da ke shiga daga zaure zuwa tsakar gida kuwa sai ya yi akasin haka, ya ɗaga fitilar sama da ƙafa bakwai. Da na tambaye shi dalili, ya nuna mini ƙanwata da ke shigowa da damin kara a ka, bai ƙara cewa komai ba. Lungun ƙunci gare shi, kuma ta nan ake shigo da tulu, da itace, da dawa lokacin kaka, don haka duk abin da ya turo daga bango a tsayin kai ba zai yi mako guda ba a karye shi.

Fitilar tsakar gida ita ce ta fi ba ni mamaki bayan da ruwa ya sauka. Ni na so a sa ta a saman ƙofar ɗakin Inna, shi kuma ya dage a kai ta bangon da ke fuskantar ɗakin, ƙarƙashin bakin kwano, kimanin ƙafa takwas daga ƙasa. A daren da shinge ya tashi bayan ruwan farko, na tsaya ina kallon yadda ƙwari suka yi dafifi a can jikin bangon, kwaɗi sun taru a ƙasa suna cin rabonsu, ƙofar tsohuwa kuwa fes, ko fiffike ɗaya bai shiga ba. Ya kuma zaɓi ƙwai mai haske ja-ja, wanda aka rubuta 3000K a kwalinsa, maimakon fari fat mai 6500K da ya cika kasuwa, domin farin ya fi jan ƙwari. Fitilar rufaffiya ce mai lambar IP65, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga kuma feshin ruwa ba ya cutar da ita. Ya ce daga Kasuwar Sabon Gari ta Kano ya sayo ta, kuma gaskiya hazon hunturu bai yi mata komai ba illa ƙurar da ake gogewa da tsumma.

Inda ya gaza shi ne ɗakin Inna, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Ɗakin na ƙasa ne mai rufin azara, kuma ranar da ya yi aikin an kwashe kaya waje saboda za a yi shafe. Ya auna ƙafa shida a bangon gabas ya kafa fitila, ba tare da ya tambayi inda gado da kabad za su koma ba, mu ma ba mu tuna mun faɗa masa ba. Da aka mayar da kaya, aka ɗaura gidan sauro, sai kabad ɗin kwanuka ya tare rabin hasken, gidan sauron ya shanye sauran, gefen da take shimfiɗa dardumar sallah ya zama duhu. Makunnin ma ya sa shi a tsayin kafaɗarsa, alhali tsohuwar ta ranƙwafa, sai ta yi miƙa kafin ta kai. Abin da ya ba ni haushi shi ne mutumin da ya zauna a tabarma don auna zaure bai ga ya dace ya gaishe da mai ɗakin ya tambaye ta inda take zama ba. Ƙananan ƙusoshin da ya riƙe waya da su kuma na bangon siminti ne, a jikin ginin ƙasa suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya da danshin damina, har waya ta yi lilo.

Na kira shi sau uku kafin ya zo, kuma tsakanin kiran farko da zuwansa an yi kusan wata guda, yana ta cewa aikin famfon sola na masu lambu ya riƙe shi. Amma da ya zo bai yi musu ba, bai kuma nemi ƙarin kuɗi ba. Ya durƙusa ya ce: "Inna, ku yi haƙuri, laifina ne, ku nuna mini inda kuke sallah." Ya mayar da fitilar bangon kudu a ƙafa biyar da rabi, nesa da gidan sauron, ya sauko da makunni zuwa ƙafa uku da rabi, ya binne guntayen katako a bango ya ɗaure bututun waya a kansu.

Kuɗin aikinsa ya ɗan ɗara na sauran da muka tambaya, kuma ya fi su jan lokaci, tun da sai dare yake awo. Wanda zai ba shi aiki ya tabbatar kayan ɗaki suna mazauninsu ranar awon, ya kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai an kwana biyu ana kunna fitilun. Ramin da ya bari a bangon gabas yana nan an toshe shi da laka, kuma a daidai wurin Inna ta kafa ƙusa tana rataye carbinta.